Tun da na rage cin abinci, ɗari ya ƙi sakina

Uwar Biyu (Sabon Gari, Tawa):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah mai sani ya taimaka mini. Wata uku ke nan da na shiga rejim. Na je likita aka auna ni, aka ce jinina ya fara hawa, nauyina kuma kilo 94, in nemi hanyar ragewa. Sai na yanke tuwon dare gaba ɗaya, na bar fura. Da safe shayi ba sukari, da rana ɗan kopto ko salati da ƙwai ɗaya, shi ke nan sai gobe. Na sauke kilo 14, alhamdu lillahi. Amma ɗari ya hana ni sakat. Na san lokacinsa ne, cikin Janairu muke, to amma a garin nan aka haife ni, na ga hunturu sama da 40, ban taɓa jin irin na bana ba. Tafin hannuna da na ƙafata kamar an tsoma su cikin randa aka manta. Da hantsi kowa ya tuɓe rigar sanyi, ni ina zaune a rana da bargo. Dare kuwa safa biyu nake sawa, duk da haka sai in kai ƙarfe biyu ban yi barci ba. Abincin ne ya jawo, ko wata cuta ce daban?

Inna ta Garkawa:
Wa alaikumus salam. Ɗiyata, sanyi ne ya shige ki. Mace ta bar fura, ta bar tuwo, tana cin ɗanyen ganye cikin ɗari, me ake jira? Ki dama kunun kanwa da zafinsa, ki sa citta da kanumfari da masoro, ki sha safe da yamma kwana bakwai. Ki daina wanka da ruwan da ya kwana a waje. Mu da shi aka yi mana jego, kuma da shi muka yi wa ɗiyanmu.

Mai Shayi na Tasha:
Gaskiyar Inna. Ni nan duk asuba direbobi da ƴan kabu-kabu suna zuwa suna karkarwa, kofi ɗaya na mai citta sai ka ga mutum ya buɗe zip ɗin rigarsa. Hajiya ki riƙa sha sau uku a yini.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Yaya Uwar Biyu, sannu da jiki. Na lissafa abin da kika ce kina ci, da wuya ya kai kalori 800 a yini (kalori shi ne awon ƙarfin da abinci ke ba jiki). Mace baliga mai hidimar gida tana ƙone wajen 2000, mai nauyinki ma ta fi haka. Kin ga kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikinki ya saba samu kike ba shi.

Ga yadda abin yake. Ɗumin da ke jikin mutum ba daga bargo yake zuwa ba, ba kuma daga rana ba. Daga abincin da jiki ke ƙonawa yake fitowa. Ko kina kwance ba ki motsa ɗan yatsa ba, hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda suna aiki, kuma wannan aikin na kwance shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da muke ƙonawa a yini. Kusan duka a matsayin zafi yake ƙarewa, shi ke riƙe mu a wajen digiri 37. To in itace ya yi ƙaranci a gida, mai girki ba ta kashe murhu, janye itace take yi ta bar wuta kaɗan-kaɗan don ya kai ta gobe. Jiki ma haka yake yi. Akwai ƙwayar da ke gaban wuya, tiroyid, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ita ke fitar da sinadarin da ke iza wutar. In abinci ya ragu sosai, ɗaya daga cikin sinadaran nata, T3, sai ya sauka a cikin jini, wutar ta lafa. Sannan ƙwaƙwalwa ta sa ƙananan jijiyoyin jinin fata su tsuke, a tattara jini mai ɗumi a ciki inda zuciya da hanta suke. Hannu da ƙafa su ne na nesa da gida, shi ya sa su ake fara hanawa.

Malamin Lekol (Wadata, Tawa):
Bari in ƙara wa ɗalibinmu lissafi, tun da abin da nake koyarwa ke nan. Kalorin da ake rubutawa a jikin kwalin abinci awon zafi ne tun asali: zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya. In ka raba kalori 2000 bisa awa 24, za ka samu kusan wat 100. Wato kowane ɗayanmu kamar tsohon ƙwan lantarkin nan ne mai wat 100 da ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne. Shi ya sa ajin da ke da yara 70 ba ya sanyi ko da iska na kaɗawa a waje.

Ɗan Adar a Ci-rani:
Malamai ku yi haƙuri, ni ban gamsu ba. Hajiya ta sauke kilo 14. Kitse riga ce, kowa ya san mai ƙiba ba ya jin ɗari kamar siriri. Ta tuɓe riga ne kawai, sai ta ji iska. Me ya kawo maganar wuta da murhu? Ko da za ta koma cin tuwo yau, in ba ƙibar ce ta dawo ba ɗarin yana nan.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Yayana, maganarka tana da ƙafa. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yana tare zafi, kuma wanda ya rame yana rasa wani abu daga wannan kariya. Har da tsoka: mai rage abinci da gaggawa ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, tsoka ma tana tafiya, ita kuwa tana cikin masu samar da zafin. Amma a tambayi Yaya Uwar Biyu yaushe ɗarin ya fara.

Uwar Biyu (Sabon Gari, Tawa):
Tun sati na biyu. Lokacin ƙarshen Oktoba ne, mutane suna kwana da fanka, ni ina jawo zane in rufa. Ban ma sauke kilo uku ba a lokacin.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
To ka ji. Rigar tana jikinta ɗarin ya zo. An taɓa gwada wannan a fili a Amurka, a Jami'ar Minesota, daga 1944 zuwa 1945, ƙarƙashin wani masani Ancel Keys. Yaƙin duniya na biyu yana ƙarewa, ana son a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwa ta ci a Turai. Samari 36 lafiyayyu suka ba da kansu. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi, wajen kalori 1600 a yini, tsawon sati 24, suna kuma tafiyar ƙasa kullum. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa sosai, kuma cikin lokacin zafi suna neman ƙarin bargo, suna son shayi da abinci da zafinsu kamar za su ƙona baki. Ku lura, waɗannan suna samun ninki biyu na abin da Yaya take ci yanzu.

Wani abin da ya ba ni mamaki lokacin da muka karanta: ma'aunin zafi ba ya nuna babban bambanci. A 2011 an auna mutanen da suka shekara da shekaru suna taƙaita abinci a Sen Luwis ta Amurka, aka ga zafin cikin jikinsu ya gaza na sauran mutane da wajen digiri 0.2 kacal. Jiki yana kare zafin ciki da duk ƙarfinsa, fata da yatsu ne ke biyan kuɗin. Don haka mutum zai iya auna kansa ya ga 36.6, a ce masa lafiyarsa lau, alhali yana karkarwa da gaske.

Ɗan Adar a Ci-rani:
To na karɓi rabi. Yanzu da ka faɗa na tuna shekarar da muka yi aikin gini a Tamanrasat. Ɗarin can ba irin na Tawa ba ne, ruwa kan kwana ya yi ƙanƙara a bokiti wani lokaci. Mu takwas a ɗaki ɗaya, bargo iri ɗaya. Watan da mai aikin ya riƙe mana kuɗi muka koma cin burodi da shayi, wallahi ba wanda ke barci, sai juyi. Ranar da aka biya mu muka dafa taliya da mai da naman raƙumi, a daren nan har na ture bargo. Ƙiba dai ba ta dawo cikin dare ɗaya ba. Ashe dai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Malamin Lekol (Wadata, Tawa):
Wannan na daren ɗaya ma yana da bayaninsa. Narkar da abinci aiki ne, aikin kuma yana fitar da zafi, wajen kashi 10 cikin ɗari na abin da aka ci. Amma ba daidai yake ga kowane abinci ba. Nama, kifi, ƙwai, wake, masu gina jiki ke nan, kashi 20 zuwa 30 na kalorin sinadarin gina jikin da ke cikinsu wajen narkewa yake ƙonewa. Hatsi da sukari kashi 5 zuwa 10. Mai kuwa bai wuce 3 ba. Shi ya sa ranar Layya bayan an ci nama ake jiƙewa da zufa, shi ya sa kuma cikin Afrilu, lokacin da Tawa ke haura digiri 40, rai ba ya son komai sai fura da nono. Jiki ne ke gudun ƙarin wuta.

Mai Shayi na Tasha:
To Malam, citta fa? Ido na ke gani, ba labari aka ba ni ba.

Malamin Lekol (Wadata, Tawa):
Abin da kake gani gaskiya ne, amma a raba shi biyu. Ruwan zafin da sukari da madara da burodin da suke haɗawa da shi, waɗannan suna kai zafi da makamashi ciki. Citta da barkono kuwa jijiyoyin da ke jin zafi a baki da ciki suke taɓawa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka an yi zafi. Mutum ya ji ɗumi, fuska ta yi ja, har zufa ta karyo. Zufa kuwa sanyaya jiki take yi. Direbanka yana da tuwon jiya a cikinsa, citta ta taso masa da jin ɗumin. Hajiya shayi ba sukari take sha bisa cikin da ba komai. Ta sha cittarta, ba laifi, amma ba za ta maye mata gurbin abinci ba.

Malamar Asibiti:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, aiki ne ya hana ni magana. Inna, Allah ya ƙara girma, ki gafarce ni zan saɓa miki a abu ɗaya. Kunun ki bar mata shi, gero ne, abinci ne, shi ma take buƙata. Amma kanwar a cire. Kanwa ƴar uwar gishiri ce, sodiyom ne cike da ita, mai hawan jini kuma shi aka ce ta rage. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Ƴar uwarmu jininta ya riga ya fara hawa, kada mu gyara ɗari mu ɓata zuciya.

Inna ta Garkawa:
Ɗiyata ba ki yi laifi ba. Mu abin da muka taras ke nan. Amma na ji daɗi da kika ce kunun ya tsaya, don ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mace ta kwana ba komai a cikinta.

Malamar Asibiti:
A nan bakinmu ɗaya, Inna. Kuma tun da an buɗe maganar, ku bar ni in faɗi abin da ya fi ci mini rai, don a gidajenmu ba masu rejim ne suka fi shan wannan wahala ba, yara ne.

Na yi shekaru a ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, wanda muke kira CRENI. Abin da Uwar Biyu ke ji kaɗan ne daga abin da ke kashe yaro. Babba yana da ajiya, zai yi wata uku yana karkarwa yana tafiya. Yaron da ya rame ba kitse, ba tsoka, sukarin da hantarsa ta ajiye ba ya kai shi ko'ina. Cikin matakai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don jinyar irin waɗannan yara, na farko shi ne faɗuwar sukarin jini, na biyu faɗuwar zafin jiki, kuma tare suke zuwa kamar tagwaye. In muka sa ma'auni a hammata ya nuna ƙasa da digiri 35, gudu muke yi. Muna ba shi madarar jinya da ake kira F-75 duk bayan awa biyu, dare da rana, ba a tsallake na dare. Muna sa uwa ta rungume shi fata da fata a ƙirjinta, a rufe su tare, a sa masa hula, don kan yaro babba ne bisa ga jikinsa kuma zafi yana fita ta nan da yawa. Ba a yi masa wanka sai ya farfaɗo.

Lokacin da na fi tsoro shi ne tsakanin ƙarfe uku na dare da kiran assalatu. A nan zafin jikin kowa yake kaiwa ƙasa, ga iskar hunturu, ga uwa ta gaji barci ya ɗauke ta. Sau da yawa na zagaya na taɓa ƙafar yaro na ji ta kamar dutse. Kuma abin da iyaye ba su sani ba: yaro mai tamowa zai iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, don ba shi da abin hura masassarar. Uwa ta taɓa shi ta ce alhamdu lillahi ba zazzaɓi, alhali sanyin nan ne alamar haɗari. Don Allah duk wadda ta ga yaro ramamme, ya yi lakwas, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ta manna shi a jikinta, ta ba shi nono ko ruwan sukari in yana iya haɗiya, ta nufi likita a lokacin, kada ta jira gari ya waye. Wanda kuma aka ba Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na masu tamowa, ya kai gida, ƙunshi ɗaya kalori 500 ne, an lissafa shi ne daidai nauyin yaron. In aka raba wa yayyensa, shi aka rage wa wutar da zai kwana da ita.

Uwar Biyu (Sabon Gari, Tawa):
Malama kin sa ni hawaye. Allah ya saka muku da alheri. Ni yanzu me zan yi? Ina tsoron in koma ci nauyin ya dawo, jinin ya hau.

Malamar Asibiti:
Ba cewa aka yi ki bar rage nauyi ba, Hajiya, kin yi ƙoƙari kuma zai amfani jininki. Gudun ne ya yi yawa. Abin da ake shawarta shi ne a rage wajen kalori 500 daga abin da jiki ke ƙonawa, a riƙa sauke kamar rabin kilo a sati. Ƙasa da 800 ba a yinsa sai likita na bin mutum. Ki dawo da abincin dare, tuwo madaidaici da miyar ganye, gishiri da magi kaɗan. Ki sa wake, ƙwai, nono, ɗan kifi ko nama. Inda za ki matse shi ne mai da sukari da soye-soye: cokali ɗaya babba na mai kalori 120 ne. Ki riƙa tafiyar ƙasa, tsoka in tana aiki tana ɗumama jiki.

Amma kada mu ɗora wa yunwa komai. Ki koma likita a duba jininki. Ƙarancin jini yana sa jin ɗari da sanyin hannu da kasala, kuma ya yi yawa ga matanmu. In tiroyid ta yi rauni ma haka ne, da bushewar fata da nauyin jiki. In kuma ɗarin yana zuwa ne da karkarwa, ya sake ki, zazzaɓi ya biyo da ciwon kai, wannan gwajin zazzaɓin sauro ake yi, ba tuwo ake ƙarawa ba.

Ɗan Adar a Ci-rani:
Tambaya ɗaya. Azumi fa? Ni da la'asar sakaliya nakan ji sanyi-sanyi ko da ana rana, da an sha ruwa kuma sai zufa.

Ɗalibin Likitanci (Yamai):
Shi ne dai, amma ƙaraminsa. Awa goma sha wani abu ba narkar da abinci, zafin da yake bayarwa babu, jini ya ja baya daga fata. Da ka ci dabino da kunu sai ya dawo. Bambancinsa da na Yaya shi ne mai azumi yana cike gurbin da dare, ita kuwa wata uku ba ta cike ba. Sai dai mu shirya, don azumi yana matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, cikin ɗari yake shiga yanzu. A 2030 ma sau biyu zai kama, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ƙishirwa za ta yi sauƙi, amma wanda ya tsallake sahur zai ji a ƙafafunsa, musamman tsofaffi.

Inna ta Garkawa:
Mun yi irinsa muna da ƙarfinmu. Tuwo ake ɗumamawa da sahur, ba shayi ba.

Uwar Biyu (Sabon Gari, Tawa):
Ƴan uwa na dawo, yau kwana 12. Na je an ɗebi jini. Awon jinina 10.4, suka ce na mace bai kamata ya gaza 12 ba, sun ba ni ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku. Na tiroyid sun ce sai in ɗarin bai sake ni ba za a tura ni. Na dawo da tuwon dare, malmala ɗaya, da safe kunu ba kanwa da ƙosai biyu ko ƙwai. Safa ɗaya nake sawa yanzu, kuma jiya na yi barci tun bayan isha'i har asuba. Hannuwan ne dai da sauransu da safe. Kilo ɗaya ya dawo, ya ɗan taɓa mini rai, ba zan ɓoye ba.

Malamar Asibiti:
Barka Hajiya. Kilon nan yawancinsa ruwa ne da abincin da ke cikin hanji, kada ya tayar miki da hankali, ki auna sau ɗaya a sati kawai, da safe. Ƙwayoyin kuma kada ki haɗiye su da shayi, shayi yana hana ƙarfen da ke cikinsu shiga jini. Ki sha da ruwa ko da ɗan lemun tsami, ki bar awa biyu tsakaninsu da shayin. In kin ga bayan gida ya yi baƙi, maganin ne.

Mai Shayi na Tasha:
Wannan ban taɓa ji ba. Matata ma tana shan irinsu tun da ta haihu, kuma da shayina take haɗiye su kullum da safe. Malama, da nono fa, ko shi ma a raba?

Malamar Asibiti:
Shi ma a raba, Malam. Ta sha maganin da ruwa in ta tashi sallar asuba, shayin da nonon su jira hantsi.